Martani: Ba A Naɗa Sarkin Dambe A Fage Ɗaya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan makomar damben gargajiya. Shawararsa ita ce, in ana son dambe ya zama sana'ar da za ta riƙe mai yin ta, to a zaɓi birni guda, ko Abuja ko Kano, a gina zaure mai rufi da fitilu da kujeru, a riƙa yin babbar gasar ƙasa a can kowace shekara har illa masha Allahu. Ya kafa hujja da abubuwa huɗu: tsaro, kuɗin ƙofa, ɗaukar hoto don masu kallo daga nesa, da kuma adalci, wai a birni babu ɗan gida babu baƙo. Daga ƙarshe ya ce yawo da gasa gari-gari al'adar mutanen da ce, kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Malam ya yi rubutu da kishin dambe, wannan ba a ƙwace masa. Mun yarda da shi cewa ɗan damben da ya zubar da haƙori a fage bai kamata ya koma gida da kuɗin mota kaɗai ba. Inda muka rabu da shi, mu mutanen wannan yanki na Badarawa da Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, shi ne a kan maganin da ya rubuta. Fage yanki ne na damben kansa. Wanda ya zaɓi fagen gasa ya riga ya zaɓi rabin wanda zai ci ta. Saboda haka duk gasar da za ta kira kanta ta ƙasa, dole ta zagaya ƙasar, bisa jadawalin da aka rubuta kowa ya sani.

Mu fara da inda abin ya fito. Dambe wasan kaka ne. In an cire amfanin gona, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai rundawa su ɗaure kayansu su bi garuruwa da makaɗansu. Su sauka wajen sarkin fawa, a yi musu masauki, da la'asar a share fili a bayan kasuwa ko a bakin gulbi, kalangu ya ɗauka. Gobe ko jibi sun yi gaba. Ɗan dambe ba ya yin suna a ƙofar gidansu. Sunansa yana tsayawa ne ranar da ya shiga garin da ba a son shi, aka yi masa ihu, makaɗin garin ya zuga abokin karawarsa, amma duk da haka ya kai mutum ƙasa. Shago, wanda Ɗan Anace ya raya sunansa da waƙa, a irin wannan yawo ya zama Shago, kuma har gobe in ana hirar karonsa da Ɗandunawa, tsofaffi sukan haɗa da labarin tafiyar da aka yi da jama'ar da ta taru. 'Yar'uwar dambe, wato kokawa, ita ma haka take. Masu tarihin Ibrahim Narambaɗa sun rubuta cewa mahaifinsa ɗan kokawa ne da ya fito daga wajen Filinge ta ƙasar Nijar, mahaifiyarsa kuma 'yar Badarawa ce, aka haife shi a Tubali, shi ma ya taɓa kokawa kafin ya rungumi kotso ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Ke nan da 'yan wasa ba su yawo, da ƙasar Hausa ba ta sami Narambaɗa ba.

Malam zai ce wannan duk tarihi ne, shi kuwa gobe yake hange. To mu ajiye tarihi mu shiga cikin fage mu dubi ƙafafun 'yan wasa, domin a ƙafa dambe yake kafin ya hau hannu.

A fagen yashi mai laushi, irin na bakin gulbi a lokacin rani, ƙafa nutsewa take yi. Ɗan damben da salonsa tsalle ne da kewaye, yana shiga yana fita, kafin turmi na biyu ya ƙare za ka ga numfashinsa ya sauya, garkuwarsa ta fara saukowa daga gaban fuska. A irin wannan wuri mai nauyin jiki da haƙuri shi ne da riba. Yakan kafa ƙafar baya ya binne ta, ya miƙa hannun tsaro yana auna tazara, hannun da aka naɗe da zare yana can baya a ɗane, yana jiran kuskure ɗaya. A kai waɗannan mutum biyu fako, inda ƙasa ta yi tauri, sai labari ya juya. Mai sauri ya sami abin takawa, shurinsa ya fito da ƙarfi, ya zagaye mai nauyin nan ya taɓa shi ta inda bai zata ba. Ga kuma faɗin da'irar: in jama'a sun matso fage ya tsuke, mai gudu ba shi da wurin gudu, in fagen ya yi faɗi, mai jira sai ya gaji da jira. Ga ranar la'asar da ke dukan idon wanda ya juya wa gabas baya. Ga iskar hunturu da ke tada ƙura. Tunda a dambe hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, santsi kaɗan ko tuntuɓe kaɗan ya isa ya raba gardama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage ya san cewa gwani a nan yana iya zama ɗan koyo a can.

To in aka kulle babbar gasa a zaure guda, mai ƙasa iri guda da faɗi iri guda da haske iri guda, shekara goma ba za ta cika ba sai duk matasa sun koma salo guda, wanda ya dace da wannan zauren. Iyayen gidan 'yan dambe ba wawaye ba ne, abin da ke kawo mota da babur shi za su koyar. Sauran salon sai su mutu ba tare da an yi musu jana'iza ba. Wanda zai riƙa cin gasar kuwa sarkin wannan zaure ne. Kiran sa sarkin damben ƙasa zai zama ƙarin gishiri.

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. Masu kallon ƙwallon tanis sun san cewa manyan gasanninta huɗu a kan daɓe iri uku ake yin su. Rafael Nadal ya ci gasar Faransa, wadda ake yi a kan jar ƙasa, sau 14, amma ta Wimbledon da ake yi a kan ciyawa sau 2 ya ci. Roger Federer ya ci ta Wimbledon sau 8, ta Faransa sau 1 tak, a 2009. Da a ce tun farko an ce duk manyan gasanni a kan ciyawa za a yi su, da duniya ta yi wa ɗaya daga cikinsu gurguwar fahimta. Akwai ma wani wasa a Amurka da Turai wanda ake jifa da faifan roba ana neman saka shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Masoyansa kullum cikin musu suke a kan filin da ya cancanci babbar gasa: filin kurmi, inda sai mai saiti ke ratsa tsakanin itatuwa, ko buɗaɗɗen fili, inda mai ƙarfin dantse ke cin karensa babu babbaka kuma 'yan kallo da masu ɗaukar hoto suka fi sakewa. Gasarsu ta Amurka a garin Rock Hill ake yin ta tun 1999, amma gasar duniya, wadda aka fara a 1982, yawo take yi, har a 2025 ta tsallaka teku zuwa ƙasar Finlan. Sun bar wa fili ɗaya gasarsa ta gado, amma kambin da ya fi kowane girma ba su ɗaure shi a turke ɗaya ba.

Misalin da Malam ya fi jingina da shi shi ne filin Wembley na Ingila, inda ake buga wasan ƙarshe na kofin FA tun 1923, in ban da 'yan shekarun da aka kai shi Cardiff lokacin da ake sake ginin filin. Gaskiya ne. Sai dai ya manta da yadda ake isa Wembley ɗin. Ƙuri'a ake jefawa a kowane zagaye, kuma sau da yawa takan tura babbar ƙungiya mai 'yan wasan miliyoyi zuwa filin wani ƙaramin gari, mai taɓo da ƙuncin ɗakin sauya kaya, ta je ta ƙwaci kanta. Daɗin kofin ke nan, kuma a nan ƙananan ƙungiyoyi ke samun kuɗin da zai riƙe su. Wanda ya ɗauko Wembley ya bar waɗannan zagaye, ya ɗauko hula ya bar kai. Kuma in damben zamani ne abin koyi, ai shi ma bai zauna wuri ɗaya ba. A ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin Liberty na Ibadan Dick Tiger ya kare kambinsa na duniya a hannun Gene Fullmer. A ranar 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa Muhammad Ali ya kayar da George Foreman. Da masu shirya waɗannan wasanni sun bi shawarar Malam, da ba a taɓa fita daga Amurka ba.

Amma me zai kai mu Turai alhali amsar tana maƙwabta? Daga Shinkafi ko Zurmi, Maraɗi ba nisa gare ta ba. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake kira gasar takobi, a Tawa a shekarar 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaga takobin. Tun daga lokacin gasar take zagaya jihohin ƙasar. Yau jihohi takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha takan kawo 'yan kokawa goma, su tamanin ke nan, a kwashe kusan kwana goma ana gwabzawa, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye, masu shayi da direbobi da ma'aikata duk kunne na kan akwati. Zagayen nan shi ya sa kowane babban gari ya mallaki filin kokawarsa, har aka sa wa filayen sunayen gwanaye: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗaga takobi sau shida, ciki har da na Difa da na Agadas a jere. Shi ya sa ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya iya cewa yashin gidansu ne ya taimake shi. Nijar ba ta fi Nijeriya kuɗi ba, ba ta fi ta hanyoyi ba, kuma Yamai tana nan da otal-otal ɗinta. Sun dai gane cewa gasar da ake kai wa kowa gida ita ce kowa ke ɗauka tasa. Mu ma a nan gida, gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973, wadda dambe da kokawa da langa ke cikinta, jiha-jiha take bi.

Yanzu sai babbar hujjarsa, wato tsaro. A nan ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba, domin mu ne a cikin abin. Mun san abin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama, mun san abin da mutanen Zurmi suka gani, mun san garuruwan da aka tasa da gonakin da aka bari. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako. Mai hankali ba zai ce a tara dubban mutane yau da dare a bayan garin Badarawa don kallon dambe ba. Rai ya fi wasa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin a ɗaga abu da a soke shi. Malam ya ɗauki masifar da muke roƙon Allah ya yaye mana, yana so ya gina doka ta dindindin a kanta. In aka zuba kuɗi aka gina zaure a Abuja, aka ƙulla yarjejeniya ta shekaru da masu talla, ranar da zaman lafiya ya dawo wa zai tuna da Ƙauran Namoda? Abin da aka ɗauke saboda larura, in ba a rubuta ranar dawo da shi ba, ya tafi ke nan. A dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934. Ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sannan ya dawo a watan Maris na 2020. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya ce a haƙa tafki a Abuja a mayar da bikin can. An jira, domin an san bikin na Matan Fada ne. A dubi Difa kuma. Jihar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2015 saboda Boko Haram, amma da layinta ya zo a ƙarshen 2022, hukuma ta tsaya ta tsare gari, aka yi gasar takobi aka tashi. Mutanen Difa sun ga shaida da idonsu cewa ƙasarsu ba ta yafe su ba. Yankin da ke cikin wahala ya fi kowa bukatar a bar sunansa a jadawali.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi: wai a birni ne ake da masu iya sayen tikiti mai tsada. Ban musa ba. Gidajen dambe irin na Ali Zuma a Dei-Dei, da na Idris Bambarewa a Maraba, da dandalin Ado Bayero a Kano, sun riƙe wasan nan shekara da shekaru, sun ciyar da 'yan dambe da makaɗa da iyalansu. Allah ya saka musu. Ba wanda ya ce a rufe su, kuma su ma suna da layinsu a zagayen da muke magana a kai. Tambayar da Malam bai yi ba ita ce: waɗannan samari da ke cika gidajen damben birni, daga ina suke zuwa? A saurari kirarinsu a ji garuruwan da suke ambata. Mafi yawansu 'ya'yan karkara ne, waɗanda suka fara naɗe hannu da tsumma a dandali suna kwaikwayon wani gwani da suka taɓa gani da idonsu ya zo garinsu. Yaron da bai taɓa jin kalangu ya kira sunan babban ɗan dambe a gabansa ba, bai ga yadda fage ke yin tsit in manya biyu suka fuskanci juna ba, da wuya ya ɗauki wannan wahala. Birnin da ke kwasar 'yan dambe ba ya mayar wa karkara komai, kamar manomi ne da ya cinye irinsa da rani: tuwon bana zai yi kauri, amma damina na zuwa.

Kuma lissafin kuɗin gasa bai tsaya a ƙofa ba. In babbar gasa ta sauka a gari kamar Ƙauran Namoda, mai tsire zai sayar, mai fura da nono za ta sayar, 'yan acaba da masu masauki da masu wankin hula duk za su san an yi baƙi. A Abuja wannan ciniki ɗigo ne a cikin teku, ba wanda zai lura. A Ƙaura kuwa zancen shekara ne. Garin nan ba baƙon taro ba ne. Nan ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya tun 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka bi ta nan zuwa teku, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke tara ɗalibai daga ko'ina. Garin da ya iya karɓar fatake da ɗalibai zai iya karɓar 'yan dambe na kwana uku.

Hujja ta uku, ɗaukar hoto, ita ce mafi rauni. Hotunan damben da suka ja miliyoyin masu kallo a YouTube da Facebook, har Turawa da Larabawa suka fara tambayar mene ne wannan, a kan yashi aka ɗauke su, da makaɗa a gefe, da ƙura, da jama'a a tsaye. Abin da ya ja hankalin baƙo shi ne ya ga abin da babu a garinsu. Zaure mai fitilu masu launi yana da shi tun tuni, kuma nasa ya fi wanda za mu gina. Na'urar ɗaukar hoto kuwa a jaka ake saka ta, wutarta hasken rana ya isa ya ba ta. Ita ya kamata ta bi dambe inda yake. In a Nijar ana iya watsa kokawa kai tsaye daga Agadas, a bakin hamada, ban ga abin da zai hana a watsa dambe daga Gusau ko Ƙaura ba.

Saura batun adalci. Malam ya ce a birni babu ɗan gida. Wannan magana ce ta wanda ke kallon dambe daga nesa. 'Yan dambe sun kasu ɓangare uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma kowane gidan dambe a ƙasar nan an san ɓangaren da ya fi yawan magoya baya a cikinsa. Ban da haka, akwai 'yan wasan da a wannan birni suke kwana suke tashi, sun san kowane lungu na fagen, sun saba da alƙalan, ba su sha wahalar hanya ba. Wanda ya kwana a mota daga Shinkafi ya sauka da kumburarriyar ƙafa, shi ne baƙo, kuma a tsarin Malam shi ne zai zama baƙo kowace shekara har ya ajiye zare. Fagen da ba shi da mai shi babu shi a duniya. Abin da ake iyawa shi ne a raba: bana ka zo gidana, baɗi in zo gidanka. Na ji wani dattijo a kasuwar Shinkafi, da aka nuna masa hoton wani da aka ce shi ne zakaran ƙasa a waya, ya duba ya mayar, ya ce, "Wanga zakara naku, ina munka gamu da shi?" Tambayar tana da nauyi. Sarautar da ba a zo an nema a gabanka ba, da wuya ka yi mata mubaya'a.

Kada a ɗauka ina cewa fagen karkara ba shi da aibi. Yana da shi, kuma mu muka fi kowa sani. Akwai inda ake barin tsakuwa da ƙaya a fili. Akwai inda jama'a ke rufta wa fage in nasu ya sha ƙasa. Akwai inda ake haɗa yaro da wanda ya ninka shi nauyi don a burge 'yan kallo, ga shi babu ma'aikacin lafiya ko motar da za ta ɗauki wanda ya suma. Akwai masu cusa abin da bai kamata ba a cikin naɗin hannu. Duk waɗannan gyara suke so, kuma gyaransu sharaɗi ne da za a gindaya wa duk garin da ke son karɓar gasa, birni ne ko ƙauye. Zagayen ma shi ke kawo gyaran, domin garin da ya san layinsa na zuwa nan da shekara biyu zai tashi ya share fili ya yi katanga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake ba masu ruwa da tsaki shawara, wato ƙungiyoyin 'yan dambe da masu gidajen dambe da hukumomin wasanni na jihohi. A raba ƙasar dambe shiyya-shiyya: Sakkwato da Kabi da Zamfara, Katsina da Kano da Jigawa, Kaduna da Neja da Abuja, jihohin gabas, sai zangunan Hausawa na kudu, musamman Legas. A rubuta jadawalin shekara biyar a buga shi, kowace shiyya ta san shekararta, ita kuma ta zaɓi garinta. Wasannin share fage a yi su a ƙananan hukumomi bayan kaka, yadda wanda zai wakilci shiyya sai ya bi ta gaban mutanensa. A ƙayyade mafi ƙanƙanta da mafi girman faɗin fage, amma a bar wa kowane gari irin ƙasarsa, muddin an tace ta an cire abin da zai ji wa mutum rauni. Alƙalai su fito daga shiyyar da ba ta da ɗan wasa a karon. A duba naɗin hannu a gaban wakilan ɓangarorin biyu. A auna nauyi. A ajiye ma'aikatan lafiya da mota a bakin fage. A fara da wuri a tashi kafin magariba. A ware wani kaso na kuɗin ƙofa da na talla ya zauna a garin da ya karɓi baƙi, don gyaran fili da koyar da yara.

Game da tsaro kuwa, a rubuta ƙa'ida ɗaya a fili: in layin gari ya zo, jami'an tsaro da sarakunan yankin suka ce hali bai ba da dama ba, to a kai gasar gari mafi kusa da ke da aminci a cikin shiyyar, a yi ta da sunan garin da aka ɗaga wa, a ba shi kasonsa, kuma a ajiye masa alkawarin zagaye na gaba. In Shinkafi ba ta samu ba a yi a Ƙaura, in Ƙaura ba ta samu ba a yi a Gusau, in ta ƙure a yi a Sakkwato. Masu shirya gasa ba su ne za su yanke wannan hukunci ba, domin su riba ce a gabansu, kuma kullum birni zai fi musu sauƙi.

Malam, ka ce kiɗa ya canja. Mun ji, kuma ba mu ƙi sabon kiɗa ba: muna son awon nauyi, muna son likita, muna son kyauta mai tsoka, muna son duniya ta kalla. Ka gina zaurenka a Abuja, Allah ya sa albarka, mu ma za mu zo kallo in shekararku ta zagayo. Abin da ba za mu sa hannu a kai ba shi ne a ce daga yau ɗan Badarawa ko ɗan Zurmi ba zai ƙara ganin babban dambe ba sai ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin dambe na jihohin Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina su zauna tun kafin kakar bana, su fito da jadawalinsu a rubuce su miƙa wa hukumar wasanni, kafin a yanke hukunci a bayan idonsu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu dace.